Farfesan da ke noma kayan gini: me naman kaza zai iya ɗauka, me ya fi ƙarfinsa?

A shekarar 2017 an yi wani babban baje kolin gine-gine a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kuma cikin abubuwan da aka nuna akwai wani abu da ya tsaya a tsakiyar ɗaki, fari-fari haka, da rassa da suka tashi sama suka tallafe wata rumfa ta gora mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, tana rataye kimanin mita 3 daga ƙasa. Babu siminti a jikin rassan nan, babu rodi, babu bulo. Noma su aka yi da naman kaza, irin wanda ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen ice. Sunan abin MycoTree, kuma waɗanda suka haɗa shi su ne Farfesa Dirk Hebel, Bajamushe mai koyar da zanen gine-gine a jami'ar fasaha ta Karlsruhe, da abokin aikinsa Felix Heisel, sai kuma tawagar Farfesa Philippe Block na jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan.

Toh tun daga lokacin maganar gini da naman kaza take ta yawo, wasu su ce ai siminti ya gama yayi, wasu kuma su ce wasan turawan da suka ƙoshi ne kawai. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu basu tsaya sun kalli abin da kyau ba, kuma idan mutum ya bi sawun aikin shi Hebel ɗin daga farko zai gane cewa shi kansa bai taɓa ɗaukar naman kaza a matsayin abu mai ƙarfi ba, ya san rauninsa sarai, kuma a kan wannan raunin ya gina duk abinda ya gina.

Bari mu fara da shi abin kansa. Naman kazar da muke gani ya fito da damina a jikin ruɓaɓɓen kututture ko a bola, wanda yara ke cewa laimar kwaɗi, wannan ɗan abinda ya leƙo waje ne kawai. Asalin halittar tana ɓoye a cikin icen ko cikin ƙasa, wasu siraran zaruruwa ne farare da ido baya iya ganin guda ɗaya sai sun taru da yawa, masana suna ce musu maisiliyam. Aikin zaren nan shi ne ya kutsa cikin mataccen ice ko ganye yana fitar da wani ruwa da ke narkar da shi, yana ci yana ƙara tsawo yana rassa, rassan suna haɗewa da juna har su zama saƙa. Kuma jikin zaren yana da sinadarin kaitin, irin wanda ke cikin ɓawon fara da ƙaguwa, shi yasa yake da ɗan tauri. Kaga kenan idan ka ba shi dusar katako a cikin mazubi, zai bi kowane ɗan gutsure ya nannaɗe shi ya ɗaure shi da na kusa da shi. Gam ne mai rai. Duk sirrin kenan.

Yanda ake yi a ɗakin gwaji kuwa, za a samo sharan gona ko na masana'anta, dusar katako, karan masara, tuƙar rake, a daddatsa ƙanana a jiƙa da ruwa daidai gwargwado, sai a turara shi da tururi mai zafi domin a kashe duk wasu ƙwayoyin halitta da ke ciki. Wannan matakin ba a wasa da shi, domin in aka yi sakaci wata koriyar fumfuna ce za ta riga naman kazar cinye abincin, buhu guda ya tashi a banza. Bayan ya huce sai a gauraya shi da irin naman kazar, a zuba a leda mai ɗan wurin shan iska, a ajiye a ɗaki mai duhu da laima da ɗumi wajen digiri 25 zuwa 30. Kwana biyu uku sai kaga fararen ɗigo-ɗigo sun fara bayyana a jikin ledar, kafin mako biyu duk dusar da take ruwan ƙasa ta koma fari fat, ta dunƙule. A nan sai a farfasa dunƙulen a danna shi cikin mazubin siffar da ake so, bulo ne ko allo ko reshe, a sake barinsa wasu kwanaki ya ƙara kamawa, a cire shi daga mazubin a bar shi ya yi wata farar fata mai laushi a bayansa. Daga ƙarshe a sa shi a oban a busar da shi da zafi har halittar ta mutu. Abinda zai fito ba shi da nauyi, kana iya ɗaga babban bulo da hannu ɗaya, kuma ba zai ƙara tsiro ba. Mutane da yawa suna tambayar ko naman kaza zai riƙa fitowa a bangon ɗakinsu, amsar ita ce a'a, wanda aka gasa ya mutu.

Ba Hebel ne ya fara wannan ba, ya kamata a faɗa. Wasu ɗalibai biyu a Amurka, Eben Bayer da Gavin McIntyre, sun kafa kamfanin Ecovative tun 2007 suna yin abin naɗe kaya da shi a madadin farin soson nan da ake sa wa talabijin da firiji a kwali. Akwai Phil Ross, mai fasaha a San Francisco, da ya haɗa ɗan ƙaramin gini mai baka da bulon naman kaza a 2009. Sai 2014 da David Benjamin na jami'ar Columbia ya tayar da wata hasumiya mai suna Hy-Fi a harabar gidan baje koli na MoMA PS1 a New York, da bulo wajen 10,000 da aka noma daga karan masara, tsayinta ya haura mita 12, ta yi watannin bazara a tsaye sannan aka sauke ta aka mayar da bulon taki. Abinda ya bambanta Hebel shi ne hanyar da ya bi ya iso wurin, da kuma tambayar da ya zo da ita.

Shi dai ya yi karatu a ETH da kuma Princeton a Amurka, kuma tun yana matashi yana cikin waɗanda suka yi aikin wani gini na hazo da aka yi a kan tafki a Suwizalan a 2002, ginin da kusan duk jikinsa feshin ruwa ne. Amma inda tunaninsa ya juya sosai shi ne Habasha. Ya je Addis Ababa ya zama daraktan bincike na farko a sabuwar cibiyar koyar da gine-gine da tsara birane ta jami'ar birnin, kuma a can ya ga da idonsa abinda duk wanda ya taɓa gini a Afirka ya sani, wato birni yana ta faɗaɗa, mutane suna buƙatar gidaje, amma kayan da kowa ke ganin su ne na zamani, musamman rodi da gilas da injuna, yawancinsu daga waje ake shigo da su da kuɗin waje. A 2010 shi da ɗalibansa da mutanen Philippe Block suka gina wani gida mai hawa na gwaji da suka kira SUDU, bangon da ƙasar da aka daddaɓe, rufin kuma na siraran tayil da aka jera a lanƙwashe ya tsaya da kansa ba tare da an zuba dekin na kankare ba. Ka riƙe wannan gidan a ranka domin shi ne kakan MycoTree.

Daga 2012 ya koma Singafo, a cibiyar binciken birane da ETH ta buɗe a can. Singafo ƙasa ce mai kuɗi amma ko yashin gini sayowa take daga maƙwabta, har sai da Indonesiya ta hana fitar da yashi a 2007. A nan ya shiga binciken gora a madadin rodi. Mutane sun sha gwada sa ɗanyar gora a cikin kankare, ba ta yi, domin tana shan ruwa ta kumbura ta tsaga kankaren, in ta bushe kuma ta motse ta saki. Sai shi da tawagarsa suka riƙa tsage gorar suna ciro zarenta, su haɗa da gam su matse da zafi ya zama sanda mai ƙarfi da ba ta shan ruwa. Ya kuma rubuta littafi a 2014 kan gini da shara, shi da Heisel da Marta Wisniewska, wani kuma a 2017 kan kayan ginin da ake nomawa. Kaga layin a miƙe yake: ƙasa, gora, shara, sannan naman kaza. Tambayar guda ɗaya ce tun daga Addis Ababa, me ya sa dole sai an haƙo kayan gini daga ƙasa an ƙone su an yi jigilarsu daga wata nahiya, alhali akwai abinda ke tsirowa kusa da inda za a yi ginin?

Kuma tambayar tana da nauyi. Yin siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya, ba don wutar da ake ƙona dutsen da ita kawai ba, wadda ke kaiwa digiri 1,450, shi kansa farin dutsen in aka ƙona shi kabon yake saki. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yashi da tsakuwar da ake kwasa duk shekara sun kai tan biliyan 50. In gini ya tsufa aka rushe kuma, kankare da rodi da fenti da gam duk sun cakuɗe, sai dai a kwashe ɓaraguzan a zubar.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kankaren da ake zuba ginshiƙin gida da shi yana ɗaukar danni na megafaskal 20 zuwa 40, megafaskal shi ne ma'aunin da ake auna yawan dannin da abu zai iya jurewa. Kayan naman kazar da aka yi MycoTree da su ko megafaskal 1 basu kai ba. Dubi tazarar fa, ba kusa ba ne ko kaɗan. Sannan in ka ja shi ko ka lanƙwasa shi ya fi saurin karyewa, danni ne kaɗai yake ɗan jurewa. Wani da ya ga wannan lissafin sai ya tattara ya ce abin nan bai dace da ɗaukar nauyi ba, a bar shi a naɗe kaya. Su kuma sai suka ce toh, tunda danni kaɗai yake iyawa, bari mu zana ginin ta yanda babu inda za a ja shi, babu inda za a lanƙwasa shi, duk nauyin da ya sauko daga rumfar ya bi tsakiyar kowane reshe yana danna shi har ƙasa.

A nan ne Block ya shigo, domin wannan fanninsa ne. Shi ne wanda a Venice a 2016 ya jera duwatsu 399 suka zama rufi mai lanƙwasa ba tare da ko cokali ɗaya na siminti a tsakaninsu ba. Dabarar tsohuwa ce, tun ƙarni na 17 Robert Hooke ya lura cewa in ka rataye sarƙa ta bakinta biyu, siffar da ta yi tana reto duk ja ne zalla, in ka kifa siffar nan sama ta zama baka, duk danni ne zalla. Abinda mutanen Block suka ƙara shi ne manhajar kwamfuta da ke yin irin wannan lissafi ta kowace fuska, ba tsaye da kwance kaɗai ba. Ita ta fitar da kusurwar kowane reshe da kowace mahaɗa. Aka aika siffofin Indonesiya wurin wani ƙaramin kamfani mai suna Mycotech a Bandung, waɗanda su ma daga abincinsu na gargajiya suka samo dabarar, tempe, waken suya da farar fumfuna ke ɗaurewa ya zama curi. Suka noma gutsattsarin da naman kaza nau'in Ganoderma a kan sharan rake da rogo. Kowane gutsure gajere ne, an sa masa faranti na gora a baki da baki domin nauyin ya bazu daidai kada ya lotsa gefe ɗaya, da 'yan ƙusoshin ƙarfe da ke riƙe su kada su zame. Rumfar gorar da ke sama ita ke riƙe rassan kada su buɗe, wato duk inda ake buƙatar ja, gora aka ba wa aikin.

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina tun wajen shekarun 1830, ya ɗaga kai ya kalli bakan gizon da ke ɗauke da rufin, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Laka ba ta da ƙarfin dutse, amma magina sun san siffar da za su ba ta, sun san inda za su sa azara ta taimaka mata, kuma ga shi rufin ya haura shekara ɗari da tamanin. Tunanin ɗaya ne, a san halin abu sannan a ba shi aikin da zai iya. Wannan shi ne abinda ya fi burge ni a duk aikin mutumin nan, kuma ina ganin shi ne darasin da ya kamata ɗaliban gine-gine su ɗauka ko da ba za su taɓa noma naman kaza ba. Mun saba in abu ya yi rauni sai a ƙara siminti a ƙara rodi, ba a cika tsayawa a tambayi ko siffar ginin ce ke da matsala ba.

Amma fa a faɗi gaskiya, MycoTree a cikin ɗaki ya tsaya, ruwan sama bai taɓa shi ba, iska bata kaɗa shi ba, ba wanda ya kwana a ƙarƙashinsa. Gwaji ne. Inda naman kaza ya shiga gidan da mutane ke zaune ciki da gaske shi ne a 2018, a garin Dübendorf kusa da Zurich, inda Hebel da Heisel da injiniya Werner Sobek suka gina wani sashen gida mai suna UMAR a cikin ginin gwaji na cibiyar binciken kayayyaki da fasaha ta Empa. Sharaɗin da suka sa wa kansu shi ne duk abinda aka sa a gidan dole a iya kwance shi a sake amfani da shi, ko a narke shi a sake ƙerawa, ko ya koma taki. Don haka ba a manne abubuwa da gam ba, da noti da sukuru da matsewa aka haɗa su. Katako ne ke ɗauke da nauyin gidan. Naman kazar kuwa allo aka yi da shi a cikin bango domin tare zafi da sanyi, aka yaɓe shi da laka. Wato da aka zo gidan gaskiya, ba a ba shi ginshiƙi ba, an ba shi aikin soso. Kuma nan ne wurinsa a yanzu, domin cike yake da 'yan ƙananan ramukan iska, yana tare zafi kusa da yanda farin soson roba ke yi, yana shanye ƙara, sannan in wuta ta kama shi bayansa ne ke yin gawayi, baya narkewa yana ɗiga da baƙin hayaƙi mai guba yanda roba ke yi. Ga wanda ya san yanda hayaƙi ke kashe mutane a gobara kafin ma wutar ta iso su, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalolin kuwa suna nan, kuma masu binciken basa ɓoye su. Na farko ruwa, abin yana shan ruwa sosai, in ya jiƙe ya kumbura ƙarfinsa ya ragu, in ya daɗe a jiƙe kuma wasu halittun su fara cinsa, domin dai abinda zai iya zama taki a gona zai iya fara zama taki a bango in ba a kare shi ba. In kuma ka shafe shi da fentin roba domin ya jure ruwa, toh ka ɓata dalilin yinsa tun farko. Gara ma tana cinsa, dusar katako ce fa a ciki. Sannan yana motsewa wajen bushewa, bulon da ka auna jiya ba shi za ka samu yau ba, kuma noman wannan makon baya fitowa daidai da na makon jiya tunda abu ne mai rai, ɗan canjin laima ko zafi sai ya canza shi. Injiniya kuwa baya sa hannu a takarda sai ya tabbata kowane bulo zai ɗauki abinda aka rubuta, kamfanin inshora ma haka, hukumar ba da izinin gini ma haka. Ga kuma wutar da ake ci wajen turarawa da gasawa, wadda in da gawayi ko man dizal aka samar da ita sai ta cinye wani ɓangare na ribar muhallin da ake taƙama da ita. Har ita kalmar shara ma sai an yi hattara, domin a wurare da yawa kara ba shara ba ne, abincin dabbobi ne, makamashi ne, danga ce, in ka kwashe shi domin bulo wani ne zai rasa.

Shi yasa aikin da ake yi a Namibiya ya ja hankalina. A can akwai wata ƙaya da ta mamaye miliyoyin hekta na wuraren kiwo tana shanye ruwan ƙasa, dama sare ta ake so a yi. Wani shiri mai suna MycoHAB, haɗin gwiwar bankin Standard da jami'ar MIT da ofishin zanen gine-gine na redhouse, yana niƙa ƙayar nan a noma naman kaza na ci a kanta a sayar, abinda ya rage a buhun kuma a matse shi da inji a gasa ya zama bulo mai nauyi da tauri, kuma a 2024 suka buɗe gidansu na farko da aka gina da shi. Nan lissafin ya fi zama, domin ba a ƙwace abincin kowa ba, an ma samu abinci a kan hanya, ga shi ƙasar busasshiya ce ruwa ba zai dame bangon sosai ba. A Gana ma akwai Mae-ling Lokko, wadda ke koyarwa a jami'ar Yale, ta daɗe tana aiki da ɓawon kwakwa da naman kaza wajen yin allunan gini.

Matsewar nan da suke yi a Namibiya ita ce kuma hanyar da binciken ya fi karkata yanzu, har a Karlsruhe wurin Hebel. In aka ɗauki abin da ya gama girma aka danne shi tsakanin faranti biyu masu zafi, ramukan iskar suna rufewa, ya daina zama soso ya koma allo mai tauri irin wanda kafintoci ke yin kabad da teburi da shi. Allunan dusar katako da ke kasuwa yanzu yawancinsu da gam mai sinadarin fomaldihaid ake haɗa su, wanda ke fitar da tiriri mai cutarwa a cikin ɗaki, kuma saboda gam ɗin ba a iya mayar da su ƙasa, sai dai ƙonawa. In zaren naman kaza ya karɓi aikin gam ɗin nan, kasuwa ce babba ƙwarai ko da bai taɓa ɗaukar bene ba. Masu binciken suna kuma gwada saƙa siraran katako a cikin mazubin kafin a zuba dusar, zaren ya girma ya kama su, katakon ya ɗauki ja shi kuma ya ɗauki danni, rabon aiki irin na rodi da kankare, sai dai wannan in aka gama da shi dukkansa yana ruɓewa tare ba sai an raba ba.